Tambayoyinku: ina fatar kwalban nan ta masu fatsar teku ta shiga?

Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni direba ne a jihar New Jersey ta Amurka, shekara biyu kenan da na fara zuwa fatsa bakin teku tare da wani dattijo maƙwabcina Bature, shi ya koya min komai. Toh kullum in muka je sai ya yi ta ƙorafi wai tunda aka daina yin wata fata da ake sayarwa cikin kwalba mai suna Uncle Josh kamun kifi ya lalace, har yana da kwalba ɗaya da ya ɓoye a gareji baya bari kowa ya taɓa. Don Allah wace irin fata ce wannan, kuma me yasa za a daina yin abinda mutane ke so haka?
Daga mai karatu a New Jersey

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare hanya. Dattijon nan naka ba shi kaɗai bane wallahi, duk gaɓar nan ta gabashin Amurka tun daga New Jersey zuwa Montauk ta jihar New York har Cape Cod ta jihar Massachusetts in ka zauna da tsofaffin masu fatsa ba za a yi nisa da hira ba sai wani ya kawo zancen kwalbar nan, kuma za ka ga fuskarsa ta canza kamar ana zancen wani aboki da ya rasu.

Bari in fara gaya maka gaskiya tun da wuri saboda kai musulmi ne mai yiwuwa kuma ya kamata ka sani: fatar alade ce. Fatar bayan alade ake yankawa siri-siri kamar tsinken kilishi, a jiƙa ta cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, a rina ta fari ko ja ko ruwan ɗorawa, a zuba a ƙaramar kwalba. Tarihinta ya faro ne daga ruwan daɗi ba teku ba. Wajen 1920 wasu abokai biyu, Allan Jones da Urban Schreiner, suna fatsa a wani tafki a jihar Wisconsin, da kwaɗi suke kama kifi sai kwaɗin suka yi wuyar samu, shi ne suka je wurin mahauci suka sayi kitsen bayan alade da fatarsa suka yanka shi siffar kwaɗo, kifi kuwa ya yi ta kamawa. A 1922 suka kafa kamfani a garin Fort Atkinson, nan Uncle Josh ya samo asali. Daga baya mutanen teku suka gano abin, aka riƙa yi musu doguwa mai kama da wutsiya, wadda aka fi sani ita ce mai lamba 70-S, gefe ɗaya ja gefe ɗaya fari.

Yanzu ga yadda ake amfani da ita, don in baka gane wannan ba ba za ka gane kukan da suke yi ba. Akwai wata ƙugiya da ake zuba wa dalma a kai a ɗaure mata gashin wutsiyar barewa, su suna ce mata boktel, na san ka ganta a jakar dattijon. Ita kaɗai in ka jefa ta tana nitsewa da sauri kuma ba ta da wani rai sosai. Amma da ka maƙala mata wannan fatar sai ta zama wani abu daban, fatar tana kaɗawa a ruwa a hankali ko da igiyar ruwan ba ta da ƙarfi, tana rage saurin nitsewar dalmar ta yadda za ta daɗe tana yawo a gaban kifi, ta kuma ƙara mata tsawo sai ta yi kama da ƙaramin kifi mai gudu. Babban kifin nan mai zane-zane a jiki da kuke bi, sitiraifa, in ya kama ya ji laushi kamar nama a bakinsa baya saurin tofarwa, wannan ɗan jinkirin shi ne yake baka damar fizgar sanda. Sannan ga ƙarko, guda ɗaya sai ka kwana da ita kana kama kifi bata yage ba, har shuɗin kifin nan mai haƙora kamar reza da yake gutsure roba a cizo ɗaya ita sai ya sha wuya kafin ya raba ta.

Toh me ya kashe ta? Nan ne abin yake ba ni tausayi. Ba wai an daina saye bane, ba gwamnati ce ta hana ba, ba kuma kifin ne ya daina so ba. A ƙarshen 2015 kamfanin ya sanar cewa zai daina, dalilinsu kuwa sun kasa samun fata mai kyau. A cewarsu, da can manomi yana barin alade ya shekara biyu ko uku, fatarsa ta yi kauri kitsen ya yi tauri. Yanzu kiwon ya koma na manyan kamfanoni, wata shida kacal an kai dabba mayanka, kuma shekara da shekaru ana zaɓen irin da ba shi da kitse saboda Amurkawa sun tsorata da kitse, tun a 1987 ma masu wannan kiwo suka fara wani babban talla suna nuna naman nasu fari ne kamar na kaza. Fatar ɗan wata shida siririya ce, in an jiƙa ta a gishiri ba ta riƙe ƙugiya, sai ta saɓule ko ta yage. Ka ga kenan mai fatsa yana tsaye kan dutse a Montauk cikin sanyin dare, abinda ya raba shi da kayan aikinsa an yanke shi ne a wata gona can tsakiyar ƙasa inda ba a taɓa ganin teku ba, kuma babu wanda ya tambaye shi.

Da labarin ya fita mutane suka yi ta rububin kwashe abinda ya rage a shaguna, wasu suka riƙa sayar da tsofaffin kwalabe a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, da tsada ninki ba ninki. Bayan wasu shekaru kamfanin ya dawo da wasu nau'o'i kaɗan, amma kafin nan kasuwa ta riga ta watse, matasa sun saba da roba, tsofaffi kuma da yawansu cewa suke ta da ita ce ta da.

Ni dai ina ganin dattijon naka yana da gaskiya rabi. Fatar tana da kyau, wannan ba musu. Amma cewa kamun kifi ya lalace saboda ita, a'a, kifin ne kansa ya ragu, kuma wannan magana ce ta daban da zan taɓo a ƙasa. Abinda nake so ka yi shi ne ka zauna da shi ka tambaye shi yadda yake jan boktel ɗin, wane nauyi yake ɗaurawa in ruwa na janyewa, wane yake ɗaurawa in yana cikowa, yaya yake sanin ta kusa ƙasa ba tare da ta maƙale a dutse ba. Wannan ilimin ba a kwalba yake ba yana hannunsa, kuma in ya tafi da shi babu kamfanin da zai dawo maka da shi.

*

Malam ina wuni. Maigidana ne ya shigo da wata tsohuwar kwalba wai abokin aikinsa ya ba shi kyauta ta kamun kifi ce, ni kuma da na karanta jikinta naga an rubuta alade ƙiri-ƙiri, hankalina ya tashi na ce ba za ta kwana min a firji ba. Shi kuma yace ai ba ci za a yi ba kifi ake yaudara da ita. Mun yi ta ja har yau ba mu gama ba, kuma ni yanzu ko kifin da ya kamo ƙyamarsa nake ji.
Daga wata uwargida a Bronx

Lafiya lau Hajiya, Allah ya bar zaman lafiya. Ni ba malamin fiƙihu bane, hukuncin najasa da abinda ya shafi taɓa fatar alade ku kai wa limamin masallacinku ku biyu tare, kar ɗaya ya je ya dawo ya ce an ce. Abinda zan iya gaya miki shi ne na ɓangaren sana'ar.

Na farko, kifin baya haɗiye wannan fatar. Tana nan maƙale a ƙugiya, in an ciro kifi an zare ƙugiyar fatar tana nan yadda take a sake jefawa, shi yasa ma ake sonta. Iyakarta ta taɓa bakin kifi, a cikin teku, kuma kifi dama ana wanke shi a gyara kafin ya ga tukunya. Na biyu, ba ta buƙatar firji ko kaɗan, ruwan gishirin da take ciki shi ne yake tsare ta, saboda haka kina da gaskiya ba ta da abin yi kusa da abincinki.

Amma in ra'ayina kike so, ni ban taɓa sa ta a ƙugiyata ba kuma ban ji na yi asara ba. Dole sai ka sa yatsu cikin ruwan kwalbar ka ciro ta, ruwan ya ɗiga a tufafi da jaka, ga mutum zai tsaya sallar asuba a bakin ruwa da kayan nan a jikinsa, me ya kai ka wannan wahala alhali ga wasu abubuwa da suke aikin? Ya mayar wa abokinsa da godiya, wallahi mutumin zai yi murna don su abin nan daraja gare shi a wurinsu, ba wulaƙanci ya yi nufi ba da ya bayar, kyauta ce mai tsada a ganinsa.

*

Yallaɓai ni ɗalibi ne a Connecticut, kuɗi ba su da yawa. Tunda wancan abin ba namu bane kuma ma ya yi wuya, da me zan maye gurbinsa? Kuma na yi tunani tunda fata ce, me zai hana in samu fatar akuya ko ta saniya wurin masu yankan halal in yi nawa da kaina?
Daga wani ɗalibi

Madalla ɗana, wannan tunanin naka ya burge ni don ka gane cewa aikin da abin yake yi a ruwa shi ne magana. Abu uku kake nema: ya kaɗa ko ruwa ba ƙarfi, ya jure haƙori, ya riƙe ƙugiya in ka yi jifa mai nisa. Duk abinda ya cika ukun nan ya wadatar.

A shago za ka samu Otter Tails da kuma Fat Cow, duka biyun an yi su ne siffar waccan fatar amma ba na dabba bane, kuma suna da wani alheri da tsohuwar ba ta da shi: ba sa bushewa. Ita ta da in ka manta ta a ƙugiya ka dawo gida, washegari za ka tarar ta ƙandare kamar ƙirgi sai da wuƙa za ka cire, ruwan gishirinta kuma yana cin murfin kwalba da duk wani ƙarfe da ke cikin jaka. Akwai kuma wutsiyar roba mai lanƙwasa, ita ce mafi arha, tana aiki sosai in ruwa a kwance yake sai dai shuɗin kifi in ya shigo zai cinye maka fakiti guda kafin awa ɗaya. Gulp, wani abin yaudarar kifi mai laushi na kamfanin Berkley, yana da wari da kifi ke so musamman shimfiɗaɗɗen kifin nan mai kwanciya a yashi, amma shi ma yana bushewa in an bar shi a iska kuma yana cin kuɗi. In aljihu ya yi sanyi ka sayi sikwid, wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa, a kantin kifi ka yanka shi dogo-dogo mai tsini a ƙarshe, ka barbaɗa masa gishiri ya kwana, zai yi tauri ya fi riƙe ƙugiya, wannan dabara ce tsohuwa kuma har gobe tana ci.

Maganar fatar akuya kuwa, gwada. Ta saniya ta yi kauri da yawa ba za ta kaɗa ba sai ka sha aikin fere ta, ta akuya ko ta tunkiya ta fi kusa. Ka cire gashin tas, ka kankare naman da ke ciki, ka yanka ta tsawon inci biyar zuwa shida faɗin kamar yatsa ta tafi tana sirancewa, ka huda ƙaramin rami a kai inda ƙugiya za ta shiga tun kafin ta yi tauri. Ruwan gishirin ka yi shi da ƙarfi har sai gishiri ya daina narkewa ya kwanta a ƙasa, ka zuba a robar da ba ta da murfin ƙarfe. Wasu ma fatar nan mai laushi da ake goge mota da ita suke yankawa su rina, kuma suna kama kifi. Kafin ka tafi teku ka cika bahon wanka ka ja ta a ciki ka gani da idonka, in tana kaɗawa kamar jelar kifi ka dace, in tana juyawa kamar farfela ka rage faɗinta don za ta murɗe maka zare. In ka gwada ka rubuto min yadda ta kasance don Allah, ina son in sani kuma masu karatu za su ƙaru.

*

Malam wani ya ce min yanzu doka ta hana sa komai a ƙugiya sai da wata ƙugiya mai zagaye, har ana cin tara. Wannan ya shafi boktel da fata a jiki? Sannan shi dattijon da ya gaya min yace da can da wani ƙaramin kifin kogi mai rai suke kama manya, shi ma wai an hana. Ni abin ya ɗaure min kai, komai sai a ce an daina.
Daga mai karatu a Massachusetts

Ɗan'uwa abinda aka gaya maka akwai gaskiya a ciki amma an cakuɗa. Tun 1 ga Janairun 2021 hukumar da ke haɗa jihohin gaɓar Atlantika kan harkar kifi ta wajabta ƙugiya mai zagaye ga duk wanda zai nemi sitiraifa da abincin fatsa na halitta. Dalili shi ne ƙugiyar da aka saba kifi yana haɗiye ta har ciki, in ka sake shi ya je ya mutu, ita kuwa mai zagayen zamewa take ta kama gefen baki. Masana suna lissafin cewa kashi 9 cikin ɗari na waɗanda ake saki mutuwa suke, kuma in ka duba miliyoyin da ake kamawa a saki duk shekara ka ga ba ƙaramar ɓarna bace. Da dokar ta fito sai aka yi ta cece-kuce kan boktel mai fata a jiki, shi ne a cikin shekarar hukumar ta fayyace cewa abincin da take nufi shi ne halittar ruwa, mai rai ko matacciya, sukutum ko yanki, kuma ƙugiyar yaudara irin boktel ko an maƙala mata wani abu ba ta shiga ciki. Saboda haka kai da boktel ɗinka ba ruwanku. Amma kowace jiha tana rubuta tata dokar, ka buɗe shafin hukumar kifi ta jiharka duk farkon kaka ka karanta da kanka, kar ka dogara da ni ko da mutumin bakin ruwa. Ka kuma riƙe awo a jaka, tun 2023 a yawancin gaɓar kifi ɗaya ake yarda ka tafi da shi a rana, tsakanin inci 28 zuwa 31, wanda ya fi haka ko bai kai ba ruwa zai koma.

Ƙaramin kifin da dattijon yake nufi shi ne herin na kogi, wanda yake barin teku duk bazara ya hau ƙoramu ya yi ƙwai. Da can mutum zai je da koma ya ɗebo ya sa a tanki ya tafi da su da rai, kuma babu abinda babban sitiraifa yake so kamarsa. Madatsun ruwa suka tare musu hanya, manyan jiragen kamun kifi suka riƙa kwashe su a teku cikin wasu kifayen, har suka kusa ƙarewa. Connecticut ta hana kama su a 2002, jiharku Massachusetts da Rhode Island suka bi a 2006. Haka New Jersey ta kafa doka a 2008 ta hana ɗibar ƙaguwar nan mai ƙoƙo kamar kofaton doki da ake sa wa a tarko, saboda wani ɗan tsuntsu da yake tasowa tun daga ƙarshen Kudancin Amurka zuwa can ƙurewar arewa yana yada zango a gaɓar Delaware ya ci ƙwanta, in babu ƙwan ba zai kai ba.

Ina roƙonka kar ka haɗa waɗannan da zancen fatar kwalba ka ce duk an daina an daina. Ita fata canjin kiwon alade ne ya kashe ta. Waɗannan kuwa hannunmu ne ya yi yawa, kuma na goyi bayan hanin ɗari bisa ɗari ko da ya rage min kamu. Sitiraifa kansa ya taɓa kusan ƙarewa har jihar Maryland ta rufe kama shi gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990, aka yi haƙuri ya farfaɗo har aka ce ya dawo a 1995, sai ga shi a 2019 bincike ya sake nuna an ci shi fiye da kima. Duk wanda ka ji yana cewa da ana kamawa yanzu ba a kamawa, amsar tana nan.

In ka kama wanda ya wuce awo kar ka ja shi kan yashi, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, kar ka sa yatsa cikin matsefarsa, wato wurin da yake numfashi a gefen kai, hoton ka ɗauka da sauri, sannan ka riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar igiya har sai ka ji ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa. Manyan nan kusan duk mata ne, su ne masu ƙwai.